Noman Shayi da Sarrafa Shi: Darasi Daga Wata Gona a Tsibirin Siri Lanka

Gabatarwa

Shayi ya zama ruwan dare a ƙasar nan. Da wuya a sami tasha ko bakin kasuwa da babu teburin mai shayi, amma mafi yawan ganyen da ake dafawa daga waje ake shigo da shi, kuma da yawa daga cikin masu shansa ba su taɓa ganin itacensa ba. A Nijeriya, wurin da aka sani da noman shayi shi ne Tsaunin Mambila a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, inda gonar Kakara take da masana'antarta, da kuma tashar binciken shayi ta Kusuku. An shirya wannan darasi ne domin malaman gona da manoman da ke sha'awar wannan shuka, bisa abin da muka gani a wata babbar gona kusa da garin Nuwara Eliya a tsibirin Siri Lanka, ƙasar da ta fi shekara 150 tana wannan sana'a.

Tsibirin da yadda shayi ya shige shi

Siri Lanka tsibiri ne a kudancin Indiya. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 65,600 ne, wato bai kai Jihar Neja girma ba. Kafin 1972 Silon ake kiransa, kuma har yanzu da wannan tsohon suna ake sayar da shayinsa a kasuwannin duniya.

Da farko kofi ne arzikin tsibirin. Turawan Ingila sun sare dazuzzukan tuddai sun cika su da kofi zalla. A 1869 sai cutar tsatsar ganye ta ɓulla, kuma cikin shekara ashirin ta kusa share gonakin baki ɗaya, masu su da dama suka tsiyace. Shekara biyu kafin ɓullar cutar, wato a 1867, wani mutumin Sikotilan mai suna James Taylor ya dasa eka 19 ta shayi a gonar Loolecondera da ke yankin Kandi. Wannan ɗan gwaji shi ya zama madogara da kofi ya faɗi. A 1883 aka fara gwanjon shayi a Kolambo, a 1890 Thomas Lipton ya sayi gonaki a tsibirin, sannan a 1925 aka kafa cibiyar binciken shayi wadda mazauninta ke Talawakele. Ya kamata malamin gona ya riƙe labarin kofin nan, domin zai yi masa amfani duk ranar da ya haɗu da manomin da ke son ya zuba dukiyarsa duka a kan shuka guda.

Abin da ido ya fara gani

Daga nesa gonar ta yi kama da koriyar darduma da aka shimfiɗa a kan tudu. Da muka matso sai muka ga ƙananan itatuwa ne da tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba, samansu a baje kamar tebur, a jere a gicciyen gangare, da manyan itatuwan inuwa jefi-jefi. Gajartar nan aikin hannu ce. Idan aka ƙyale itacen shayi irin na Asam a daji yakan wuce mita 10. Aski da tsinka ne suke tsayar da shi daidai inda hannu zai kai.

A can ana kasa shayi gida uku bisa tudun wurin da aka noma shi. Akwai na ƙasa, daga bakin teku zuwa mita 600. Na tsakiya, daga mita 600 zuwa 1,200. Sai na sama, wanda ya haura haka. Nuwara Eliya tana kan tudun da ya kusa mita 1,900. Sanyin wurin yana sa toho ya riƙa fitowa a hankali, saboda haka amfanin bai kai na ƙasa yawa ba, amma ya fi ƙamshi kuma ruwansa bai cika duhu ba. Na ƙasa ya fi yabanya da kauri da duhu, shi ne 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa suka fi nema.

Yanayi da ƙasar da shayi ke so

Shayi yana bukatar ruwan sama da bai gaza milimita 1,200 ba a shekara, ya fi jin daɗi idan ya kai 2,000 ko fiye. Rarrabuwar ruwan cikin watanni ta fi yawansa muhimmanci, domin itacen ba ya zubar da ganye ya huta kamar itatuwanmu na Arewa, kuma rani mai tsawo yakan kashe shi, musamman yana ƙarami. Zafin da ya fi dacewa da shi daga digiri 18 ne zuwa 30. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 13 toho yakan tsaya. Wannan ya isa amsa ga manoman Kano ko Sakkwato da kan tambayi malaman gona ko za su iya dasa shi a lambu: rani na wata bakwai da zafin bazara ba za su bar shi ba, kuma kuɗin da za a kashe wajen gwadawa hasara ne.

Ƙasar kuwa dole ta kasance mai zurfi, mai tsane ruwa, kuma mai tsami. A ma'aunin tsamin ƙasa, daga 4.5 zuwa 5.5 ake nema. Wannan ya saɓa wa abin da manomin masara ya saba da shi. Toka, wadda take gyara gonar hatsi, tana rage tsamin da shayi ke so, shi ya sa dashen da aka yi a kufai ko a inda aka ƙona tarin itace yakan tsumbure ko ya mutu alhali na kusa da shi yana lafiya. Kafin a dasa, a ɗauki samfurin ƙasa a kai a auna.

Reno da dashe

A da da ƙwaya ake shuka shayi, sai gona ta fito kowane itace da halinsa. Yanzu da yankan reshe ake yi, daga iyayen da masu bincike suka zaɓa saboda yabanya ko jure fari ko jure cuta. Ana yanko guntun reshe mai gaɓa ɗaya da ganye ɗaya, tsawonsa kamar santimita 3 zuwa 4, daga tsakiyar reshen, inda bai yi ɗanye sharaf ba kuma bai riƙa ya zama itace ba. A soka shi a cikin ledar da aka cika da ƙasa mai tsami, kada ganyen ya taɓa ƙasa, a jera a ƙarƙashin rumfa, a riƙa yayyafa ruwa ba tare da an jiƙe shi jagab ba. Bayan wata 8 zuwa 12 dashe ya isa fita. Makonnin ƙarshe a riƙa rage rumfar kaɗan-kaɗan domin ya saba da rana.

Wani abin da ya burge mu shi ne haƙurinsu wajen shirya ƙasa. Idan aka tuge tsohon shayi ba a mayar da sabo nan take. Sai a shuka wata doguwar ciyawa a bar ta shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ana yanke ta ana shimfiɗawa a wurin, har ƙasar ta farfaɗo, tsutsotsin saiwa kuma su ragu.

Tazarar da suka fi amfani da ita santimita 120 ce tsakanin layi da layi, da santimita 60 tsakanin itace da itace, wato hekta guda takan ɗauki dashe 12,500 ko fiye da haka kaɗan. Zurfin rami santimita 45, faɗinsa 30. Ana dasawa ne idan damina ta zauna, sannan a lulluɓe tsakanin layuka da ciyawa, amma kada ciyawar ta manne da gindin dashen.

Zaizayar ƙasa ita ce babbar abokiyar gabar mai noma a kan gangare. Layukan gonar duka a gicciyen tudu suke, babu wanda ya miƙe daga sama zuwa ƙasa. Tsakaninsu akwai magudanai a kwance masu ramuka a ciki da ke tare laka, suna zubawa a wata babbar magudana da aka daɓe da dutse. Lokaci-lokaci ana kwashe lakar a mayar gona. Shekara uku na farko, kafin rassa su haɗe su rufe ƙasa, su ne mafi hatsari, kuma ƙasar saman da ruwa ya kwashe a lokacin babu takin da zai mayar da ita.

Aski da taki

Ana datse kan dashe tun yana ƙarami domin ya yi rassa a gefe ya baje. Yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin a fara tsinka, sai kuma wasu shekaru kafin ya kai cikakkiyar yabanya. Daga nan itacen zai iya yin shekaru masu yawa yana bayarwa. A tsibirin akwai gonakin da itatuwansu suka haura shekara 100.

Tun da kowace tsinka tana ɗan ɗaga teburin, wata rana zai fi ƙarfin hannu, tohon kuma ya ƙanƙance. Sai a yi masa babban aski a mayar da shi wajen santimita 45 zuwa 55 daga ƙasa. A yankin ƙasa bayan shekara uku ake yin wannan, a kan tudu bayan huɗu ko biyar. Akan bar reshe biyu ko uku da ganyensu su ci gaba da ciyar da itacen har ya sake toho, sannan a cire su. Rassan da aka sare a gonar ake barinsu su ruɓe. Kada a kwashe su a kai murhu.

Ganye ake girba, saboda haka sinadarin naitirojin shi ne kan gaba a takin shayi, ana raba shi kashi uku ko huɗu a shekara a zuba lokacin da ƙasa ke da danshi. Tun da takin zamani yana ƙara wa ƙasa tsami, idan awo ya nuna ya wuce kima akan zuba garin dutsen dolomait lokacin aski. A watan Afrilun 2021 gwamnatin ƙasar ta hana shigo da takin zamani gaba ɗaya da nufin komawa takin gargajiya. Kafin ƙarshen shekarar ta janye dokar, amma ɓarnar ta riga ta auku: shayin da ƙasar ta samar ya sauko daga kimanin kilo miliyan 299 a 2021 zuwa kimanin miliyan 251 a 2022, ko da yake ƙarancin man fetur na wannan shekara shi ma ya taimaka. Takin gargajiya yana da kyau ƙwarai ga shayi. Kuskuren shi ne yanke wa itacen abincin da ya saba da shi dare ɗaya ba tare da an tanadi isasshen madadi ba.

Cutar da ta fi damun gonakin tudu ita ce wadda ke fitar da bororo a jikin sabon ganye lokacin hazo da ruwa. Ta shiga tsibirin a 1946, kuma har yau ana feshin magani mai sinadarin tagulla saboda ita. Wannan ya sa ba a yarda matafiyi ya ɗauko reshe ko dashe daga wata ƙasa a cikin jakarsa ba, komai kyansa. Duk irin da za a shigo da shi ya bi ta hannun hukumar killace tsirrai.

Tsinka

Nan ne ingancin shayi yake farawa. Abin da ake tsinka shi ne kan toho da ganye biyu masu taushi da ke biye da shi, wani lokaci uku idan na ukun bai tsufa ba. Ana komowa kan kowane itace bayan kamar mako guda. Idan aka yi jinkiri ganye ya tsufa, idan aka yi gaggawa an cinye tohon mako mai zuwa. Masu tsinka sukan ɗora doguwar sanda a kan itatuwa, abin da ya haura sandar shi ake ɗauka, na ƙasa kuwa a bar wa itacen, domin da shi yake ciyar da kansa. Figar ganye da dukan hannu, yadda ake figar zogale, tana ɓata shayin kuma tana raunana itacen.

Yawancin masu wannan aiki a gonakin tudu mata ne 'yan ƙabilar Tamil, jikokin waɗanda Turawa suka kwaso daga kudancin Indiya a ƙarni na 19. Abin da ake ɗora wa mace a yini wajen kilo 18 ne zuwa 20, tana hawa da sauka a kan gangare da kaya a baya. Aiki ne mai wuya, ladan kuma ya daɗe yana jawo takaddama, har matasa suna gudunsa zuwa birane. Duk mai shirin buɗe gonar shayi ya fara lissafin hannun da zai tsinke ta kowane mako, shekara ta zagayo, kafin ya yi lissafin riba.

Mai kula da filin ya ɗebi ganye daga wani buhun da aka danna da yawa ya ce mu sa hannu a ciki. Da ɗumi kamar an ajiye shi kusa da murhu, wasu ganyen har sun fara ja. Ya ce irin wannan babu injin da zai gyara shi. Ganyen da aka tsinka yana da rai, yana fitar da zafi. Idan aka cusa shi a buhun leda, ko aka zauna a kai, ko aka bar shi a rana, sai ya ƙone kafin ya isa masana'anta. A zuba shi sakwa-sakwa a kwando ko buhun raga, a ajiye a inuwa, a kai shi cikin 'yan sa'o'i.

A cikin masana'anta

Bayan awo, ana hawa da ganyen bene a baza shi a cikin dogayen kwamaye masu raga a ƙasa, manyan fankoki suna hura iska ta ƙarƙashi. Yakan yi sa'a 12 zuwa 18 a nan har ya yi yaushi, nauyinsa ya ragu da kusan rabi. Ana gane ya yi ne idan aka dunƙula shi a hannu ya tsaya a dunƙule, karansa kuma ya lanƙwasa bai karye ba. Saboda wannan jira ne aikin murza yakan fara da tsakar dare ko da asuba, lokacin da gari ke da sanyi, kuma baƙon da ya zo da hantsi sau da yawa sai ya tarar an gama.

Injin murza yana juya ganyen a kan wani faifan ƙarfe yana danna shi, minti 20 zuwa 30, har ya nannaɗe ruwansa ya fito. Sai a girgiza shi a rariya. Wanda ya wuce a ware, wanda ya rage a mayar inji, har sau uku ko huɗu. Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma ita Siri Lanka ta fi riƙewa. Akwai wata hanyar da aka ƙirƙiro a Asam wajen 1930, inda ganye ke bi ta tsakanin wasu ƙarafa masu haƙora su daddatsa shi ya fito ƙanana kamar gero. Ita Kenya ta fi amfani da ita, kuma irin wannan shayi ya fi yawa a ƙananan jakunkunan da ake tsomawa a kofi.

Mataki na gaba shi ne wanda ke mayar da koren ganye baƙin shayi. Wanda ya taɓa ɓara goro ya ajiye ya ga yadda cikinsa ke rinewa ya riga ya san abin da ke faruwa: ruwan ganyen ne yake haɗuwa da iska. Ana baza murzajjen ganyen a kan tebur mai tsabta, kaurinsa santimita 5 zuwa 8, a ɗaki mai sanyi da laima. Cikin sa'a biyu zuwa uku daga fara murza launinsa yakan koma na jan ƙarfe, ƙamshi ya tashi. Idan aka ɗauke da wuri shayin zai yi ɗanyen ɗanɗano, idan aka bari ya zarce zai yi lami. Babu agogon da ke yanke wannan hukunci shi kaɗai, sai an haɗa da hanci da idon mai aikin, domin lokacin yana sauyawa da zafin ranar.

Daga nan sai injin busarwa, inda iska mai zafin digiri 90 ko fiye take bi ta cikinsa kimanin minti 20. Zafin yana tsayar da rinewar, ya bar danshin da bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Kilo huɗu da rabi na ɗanyen ganye, ko fiye kaɗan, shi ke ba da kilo ɗaya na busasshe. Busarwar tana cin itacen wuta da yawa, shi ya sa gonar take da nata dajin itacen turare, irin wanda ya yawaita a Mambila.

Koren shayi, irin wanda Buzaye ke dafawa a 'yar buta, daga wannan itace ɗaya yake fitowa. Bambancin kawai shi ne ana turara ganyen ko a gasa shi da zarar an tsinko, kafin a murza, sai ya kasa rinewa.

A ƙarshe ana cire kara da zare, a tankaɗe shayin a rariyoyi daban-daban a raba shi bisa girma: mai dogon ganye, karyayye, ƙanana, da gari. Garin ba shara ba ne kamar yadda wasu ke zato. Ya fi saurin sakin launi, kuma mai kyansa yana da tsada. Mai ɗanɗano yakan jiƙa kowane kashi a tafasasshen ruwa minti biyar zuwa shida, ya duba launin ruwan da na ganyen, ya kurɓa ya tofar. Sai a ɗura a buhunan takarda masu shafin gwangwani a ciki, domin busasshen shayi yana zuƙar danshi da wari. Wannan ya shafi har mai shago: kada a ajiye shayi kusa da kananzir, sabulu, daddawa ko busasshen kifi.

Ƙananan manoma da farashi

Manyan gonaki ne baƙi ke ziyarta, amma wajen kashi 70 cikin 100 na shayin ƙasar daga ƙananan manoma yake fitowa, yawancinsu masu eka ɗaya ko ƙasa da haka. Suna sayar da ɗanyen ganye ga masana'antar da ke kusa, motarta tana zagayawa tana ɗauka. Hukuma ta tsara yadda ake biyansu: ana duba matsakaicin kuɗin da shayin masana'antar ya samu a gwanjon Kolambo, manomi ya ɗauki kashi 68 cikin 100, masana'anta ta ɗauki 32. Da wannan tsari manomi ya san dalilin farashin da aka ba shi, kuma ya san tsohon ganyen da maƙwabcinsa ya cusa a buhu zai rage kuɗin kowa.

Abin da ya shafi manomin Mambila

Tudun Mambila da sanyinsa da ruwansa sun yi kusa da na gonakin saman Siri Lanka. Inda suka bambanta shi ne Siri Lanka tana samun damina biyu a shekara, Mambila kuwa tana da rani na 'yan watanni. Saboda haka a yi dashe da farkon damina, a lulluɓe ƙasa sosai kafin ruwa ya ɗauke, a share gefen gona saboda gobarar daji, a kuma kewaye ta da shinge, domin wuri ne na kiwo kuma shanu sukan tattake ƙaramin dashe.

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, manomi ya tabbatar da wanda zai sayi ganyensa, da nisan gonarsa da masana'anta, da halin hanyar a tsakiyar damina. Shayi ba kamar masara ba ne da za a zuba a rumbu a jira farashi; ganyen da ya kwana a hanya ya lalace. Haka kuma kada a mayar da gonar abinci duka ta shayi. A fara da ɗan yanki, kamar rubu'in hekta, wanda iyali za su iya tsinkewa da kansu, a shuka wake a tsakanin layuka a shekarar farko, a bar sauran gonar tana ciyar da gida har shayin ya fara kawo kuɗi. Domin samun ingantaccen dashe da awon ƙasa, a tuntuɓi malamin gona mafi kusa ko tashar bincike ta Kusuku.